Tarihin Joe Strummer, Ɗan Makarantar Kwana Mai Faifan Sandinista

Ina miƙa gaisuwa ga iyayenmu malamai, waɗanda suke bakin aiki da waɗanda suka yi ritaya, sa'an nan ga 'yan'uwa tsofaffin ɗalibai duk inda aiki ko kasuwa ta jefa su. Da sakataren mujalla ya aiko cewa ni zan cike shafin tarihin mashahuran mutane a wannan fitowa, na san abin da aka saba gani a shafin: sarakuna, malamai da 'yan siyasar Jamhuriya ta Farko. Ni kuwa sai na ɗauko wani Bature makaɗi wanda na tabbata ko mutum goma a cikinmu ba su taɓa jin sunansa ba. Ina roƙon malamai su yi mini uzuri su bi ni zuwa ƙarshe, domin mutumin nan ɗan makarantar kwana ne kamarmu, ɗan ma'aikacin gwamnati ne, kuma abin da makarantar kwana ta yi musu shi da wansa ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Sunansa na asali John Graham Mellor. An haife shi ranar 21 ga Agusta, 1952, a Ankara babban birnin Turkiyya, inda mahaifinsa Ronald Mellor yake aiki a ofishin jakadancin Birtaniya. Shi kansa uban a garin Lucknow na Indiya aka haife shi, uwar kuwa, Anna Mackenzie, ma'aikaciyar jinya ce, 'yar wani ƙaramin manomi daga tsaunukan arewacin Sikotlan. Kowa ya san halin aikin gwamnati, yau kana nan gobe takardar canji ta zo. Kafin yaron ya cika shekara tara ya zauna a Alƙahira, ya zauna a birnin Meziko, ya zauna a Bon ta Jamus ta Yamma. Wanda ya tashi haka kunnensa ya riga ya saba da harsuna da kaɗe-kaɗen da ba na gidansu ba, kuma za mu ga amfanin wannan a gaba.

Yana da shekara tara aka kai shi makarantar kwana ta City of London Freemen's School da ke gundumar Surrey, tare da wansa David wanda ya girme shi da shekara ɗaya da 'yan watanni. Iyayen suka wuce Tehran, daga can kuma Malawi, yaran ba sa ganinsu sai sau ɗaya a shekara. Mu da iyayenmu suke zuwa ranar ziyara da ƙullin garin kwaki da ƙuli-ƙuli, sai mu auna mu gani. Makarantar tana da irin abin da muka sani: manya su taka ƙanana, ƙanana su jira nasu lokacin. Bayan ya girma, John da bakinsa ya amsa cewa da ya lura zaɓi biyu ne kawai a wurin, ko ka ci zali ko a ci zalinka, sai ya zaɓi ya zama mai cin zalin. Wannan magana ta tsaya mini a rai. Mu ma mun ɗebo wa manya ruwa da asuba cikin hunturu, mun yi musu wanki, muka rantse in mun kai aji shida ba za mu yi wa kowa haka ba. Da muka kai, kowa ya san abin da ya yi, har da mai wannan rubutu. A karatu dai John bai taɓuka abin kirki ba. Abin da ya riƙe shi shi ne faya-fayen Rolling Stones da Chuck Berry, sai kuma zane.

David kuwa shiru-shiru ne, ba ya faɗa, ba ya tara abokai. A hankali ya janye jikinsa daga mutane, ya shiga jam'iyyar National Front ta masu ƙin baƙi da baƙaƙen fata, tsakaninsa da ƙanensa ta yi tsami. A watan Yuli na 1970 ya kashe kansa a wani lambun shaƙatawa na Landan yana da shekara 19, gawar ta kwana biyu ko uku kafin a gan ta, kuma John, ɗan shekara 17, shi aka kira ya je ya tabbatar wansa ne. Abokansa sun shaida har ya bar duniya ba kasafai yake yarda a taɓo maganar ba. Ban kawo wannan don in tayar wa kowa da hankali ba. Na kawo ne domin a kowane aji akwai irin David, kuma in aka buɗe rajistar ƙungiyarmu za a ga sunaye da dama waɗanda babu lambar waya a gabansu, babu kuma wanda ya san inda suke.

A shekarar ce ya gama sakandare ya shiga makarantar koyon zane ta Central School of Art and Design a Landan, amma bai yi nisa ba ya bari. Daga nan sai yawo. Ya laƙaba wa kansa suna Woody saboda ƙaunar Woody Guthrie, mawaƙin talakawan Amurka. Ya tafi Newport a kudancin Wels ya shiga wata ƙungiyar kiɗa ta ɗalibai, abin sawa a baki kuwa ya same shi ta aikin haƙa kabari a maƙabartar garin. A 1974 ya komo Landan, yana bin wani abokinsa mai goge, Tymon Dogg, suna kiɗa a mashigar jirgin ƙarƙashin ƙasa ana jefa musu kwabbai. Suna kwana a gidajen da masu su suka ƙaurace, ba haya ba izini. Ɗaya daga cikin gidajen shi ne lamba 101 a titin Walterton, kuma da wannan lamba suka raɗa wa ƙungiyarsa ta farko suna, wato 101ers.

A 1975 ya sake suna zuwa Joe Strummer. Kalmar tana nufin mai kaɗa tsirkiya gaba ɗaya ba tare da tsinkar ɗai-ɗai ba, kusan yadda mai garaya yake yi in wasa ya yi zafi. Da kansa yake yi wa ba'a, domin shi bahago ne amma da dama ya koyi jita, don haka hannunsa bai taɓa ƙwarewa ba, sai dai duka. Jitar ma da aka san shi da ita, ƙirar Fender Telecaster, da kuɗin auren bogi ya saye ta: wata 'yar Afirka ta Kudu mai neman takardar zama a Birtaniya ta biya shi ya aure ta a takarda. Ba waliyyi nake ba ku tarihinsa ba.

A nan dole in tsaya in raba kalmomi biyu da bakin Bahaushe yake haɗewa, wato pank da fank. Fank kiɗan baƙaƙen Amurka ne irin na James Brown, mai nauyin jitar bes da ganga, wanda Fela ya ɗiba ya zuba cikin nasa. Pank kuwa kiɗan rok ne na samarin Turawa marasa aikin yi, gajere, mai sauri da ihu, wanda ba ya bukatar ƙwarewa. Ranar 3 ga Afrilu, 1976, wata sabuwar ƙungiyar pank, Sex Pistols, ta buɗe wa 101ers wasa a Landan. Joe ya kalle su ya gane kiɗan da yake yi ya tsufa. Ba a jima ba wani manaja, Bernie Rhodes, da wani matashi mai jita, Mick Jones, suka neme shi ya zo ya ja musu baki. Ya watsar da abokan da suka ci wuya tare, ya bi su, har ya riƙa nuna kamar bai san mutanensa na da ba. Sabuwar ƙungiyar ita ce The Clash. Sun fara wasa ranar 4 ga Yuli, 1976 a Sheffield, a watan Janairu na 1977 kuma suka sa hannu da kamfanin faifai na CBS a kan fam dubu ɗari. Daga baya Topper Headon ya zo ya riƙe ganga, aka cika su huɗu da Paul Simonon mai jitar bes.

Abin da ya raba su da sauran 'yan pank tun farko shi ne rege. Simonon a unguwannin 'yan Jamaika ya tashi, irin su Brixton, da kiɗansu ya koyi bes. A watan Agusta na 1976 shi da Joe suna wurin bikin shekara na 'yan Karebiyan a Notting Hill lokacin da rikici ya ɓarke tsakanin samari baƙaƙe da 'yan sanda. Daga nan waƙar White Riot ta fito, wadda wasu suka yi wa gurguwar fahimta, alhali nufinta shi ne 'ya'yan talakawan Turawa su ma su tashi kamar yadda baƙaƙe suka tashi. A faifansu na farko na 1977 sun maimaita Police and Thieves ta Junior Murvin. A shekarar Bob Marley yana zaman gudun hijira a Landan bayan harbin da aka yi masa a Kingston, ya kuma ambaci sunansu a waƙarsa Punky Reggae Party. Ni ta wannan ƙofar na san su. Waɗanda muka kwana ɗaki ɗaya za su tuna kasusuwan Marley da Lucky Dube da muke ɓoyewa cikin katifa, muna juya kaset da biro don kada batir ya ƙare. Sai a lokacin bautar ƙasa na bi sawun sunan. Ranar 30 ga Afrilu, 1978 kuwa, The Clash suka hau dandali a Victoria Park gaban dubun dubatar jama'a a gangamin adawa da wariyar launin fata, kuma jam'iyyar da aka taru dominta ita ce National Front, wadda wansa ya shiga.

A Disambar 1979 suka fitar da London Calling, faifai biyu a farashin ɗaya, wanda masana suka fi yabo har gobe. Sunan ba baƙo ba ne a kunnenmu, domin daga kiran tashar BBC na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu aka ɗauko shi, wato dai Landan take kira ɗin nan da muka tashi muna ji a rediyon iyayenmu. Ba zan daɗe a kansa ba, an rubuta abin da ya isa. Na bayansa ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Sandinista ya fito ranar 12 ga Disamba, 1980. Faifai uku ne cikin jaka ɗaya, fuska shida, kowace fuska waƙa shida, jimla talatin da shida, kusan awa biyu da minti ashirin da huɗu. An ɗauke shi guntu-guntu cikin shekarar a Manchester da Kingston da Niyok da Landan, a tsakanin tafiye-tafiyen wasa. A Kingston sun shiga ɗakin ɗaukar sauti na Channel One tare da Mikey Dread, wani ɗan Jamaika da ya yi suna a gidan rediyon ƙasarsu kafin ya koma haɗa faifai. Shekarar zaɓe ce mai zubar da jini a Jamaika, ɗaruruwan mutane suka mutu, kuma Turawan ba su daɗe ba suka tattara kayansu da waƙa guda a hannu, Junco Partner. Amma hannun Mikey Dread ya ratsa faifan ko'ina, musamman ta salon da ake kira dub. Yadda ake yinsa shi ne, bayan an gama waƙa sai mai haɗa sauti ya zauna ya zare murya, ya bar ganga da bes tsirara, ya riƙa sako guntun murya ko jita yana barinsu suna amsa kuwwa kamar an yi magana cikin rijiya. Wanda yake son ya gane sai ya saurari One More Time, sa'an nan ya bar faifan ya shiga One More Dub da ke biye da ita. Waƙa ɗaya ce, ta farko da tufafinta, ta biyu an tuɓe ta ana nuna ƙasusuwanta.

A Niyok ne abin mamakin ya faru. Sun kama ɗakin Electric Lady, wanda Jimi Hendrix ya gina, a watan Afrilu. A lokacin hip-hop jariri ne, watanni kaɗan da fitowar Rapper's Delight, kuma yawancin Turawa ba su ɗauke shi kiɗa ba. Mick Jones ya kamu da sonsa, yana yawo da ƙatuwar rediyo mai kaset a kafaɗa kamar yaran unguwa. Simonon ba ya nan, ya tafi Kanada yin fim, sai aka kira Norman Watt-Roy na ƙungiyar Blockheads ya riƙe bes, Mickey Gallagher kuma ya zauna kan fiyano. Joe ya jera akwatunan kayan kiɗa ya yi wa kansa ɗan ɗaki a tsakiyar wurin, yana ciki yana rubutu, ana kiɗa yana fitowa da baiti. Haka aka haifi The Magnificent Seven, waƙar da ta buɗe faifan, wadda ake lissafawa cikin na farko-farko da wata ƙungiyar rok ta Turawa ta yi da salon rap. Bes ɗin fank ne tsantsa, jimla guda mai zagayowa ba ta gajiya, muryar kuwa magana ce ake jerowa a kan ganga. Abin da take bayani shi ne ranar ma'aikaci: agogo ya buga, a tashi a wanke ido, a ruga wurin aiki, a yini ana kallon agogon bango, a karɓi albashi a kai wa masu kanti. Na fi shekara goma ina sa hannu a rajistar zuwa aiki, kuma ban taɓa jin wanda ya kwatanta nauyin awa biyun ƙarshe na ranar Litinin kamar wannan Bature ba. Da aka cire muryar aka fitar da kiɗan kaɗai, tashar WBLS ta baƙaƙen Niyok ta riƙa sawa, masu saurare da yawa ba su san Turawan Ingila ba ne.

Sauran faifan kamar kasuwar Kurmi yake, babu abin da babu. Akwai kiɗan coci na baƙaƙen Amurka, akwai jaz, akwai kalifso, akwai kiɗan rawar Turawan da. Akwai Police on My Back ta Eddy Grant, wadda jitarta take kuka kamar jiniyar 'yan sanda. An ba tsohon abokin bararsa Tymon Dogg waƙa guda shi da gogensa, wanda a ganina wani biyan bashi ne. Kowane ɗaya daga cikin su huɗun ya ja baki a wani wuri, har mai ganga. A kusa da ƙarshe ma 'ya'yan Gallagher ƙanana aka sa suka rera wata tsohuwar waƙar ƙungiyar mai maganar rashin aikin yi.

Sunan faifan daga 'yan juyin-juya-halin Nikaraguwa ne, waɗanda suka kifar da mulkin gidan Somoza a Yulin 1979, har lambar faifan a kundin kamfani aka sa ta dace da harufan sunan ƙungiyarsu. Waƙar da ta ɗauki wannan nauyi ita ce Washington Bullets, mai taushin kiɗa da zafin magana. Ta bi hannun Amurka a juyin mulkin Chile na 1973 da kisan mawaƙi Victor Jara, da yunƙurin mamaye Kuba, amma ba ta tsaya nan ba, ta juya kan Tarayyar Sobiyet a Afganistan da Sin a Tibet. A zamanin da kowa yake da ubangida, ko Gabas ko Yamma, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai tarihi bai yi wa sunan adalci ba. Daniel Ortega, jagoran 'yan Sandinista, ya faɗi zaɓe a 1990, ya komo mulki a 2007, a 2018 kuma jami'ansa suka murƙushe masu zanga-zanga, ɗaruruwa suka mutu. Joe bai ga wannan ba, mu mun gani.

Maganar kuɗi ita ce ta fi burge ni. Sun nace sai an sayar da faifai ukun a kusan farashin ɗaya, fam 5.99, don yaro mai ƙaramin ƙarfi ya iya saye. Kamfani bai yarda ba sai da suka sadaukar da kasonsu na kwafi dubu ɗari biyu na farko da za a sayar a Birtaniya. Mawaƙa da yawa suna zagin jari-hujja a baki, kaɗan ne suke taɓa aljihunsu. Amma kada in ɓoye ɗaya gefen: sunan Watt-Roy bai fito cikin marubutan waƙar da bes ɗinsa ya ɗauka ba, kuma Mikey Dread ya yi ta ƙorafi daga baya cewa ba a ba shi haƙƙinsa yadda ya kamata ba. Masu sharhi a Ingila sun yi wa faifan ca, suka ce shirme ya yi yawa, bai wuce lamba 19 a jerin ciniki ba. A Amurka kuwa masu sharhin da jaridar Village Voice take tara ƙuri'unsu suka zaɓe shi faifan shekarar 1981. Ni a nawa ra'ayi duka biyun suna da gaskiya. Fuska ta shida gwaji ne kawai, a ta biyar ma akwai inda aka juya wata waƙa baibai aka ba ta sabon suna. Da an tace, da an sami faifai guda wanda ba shi da na biyu. To amma na gwada tacewar a wayata sau uku, kowane karo jerin da nake fitarwa daban, kuma abokina da muka yi gardamar ya fitar da nasa wanda rabinsa na watsar.

A tsakiyar 1981 suka yi wasa goma sha bakwai a jere a wani zaure mai suna Bond's a Niyok, suka gayyato Grandmaster Flash da yaransa su buɗe musu. 'Yan kallo, yawancinsu samarin Turawa, suka yi musu ihu suna jifa da kofuna. Joe ya fito ya wanke masoyan nasa tas. Shi ma ba a rasa shi da zafin hannu ba, domin a Hamburg a 1980 ya rotsa wa wani ɗan kallo kai da jita har 'yan sanda suka kama shi, abin da ya ce ya tsorata shi da kansa.

Daga nan sai ɗaukaka, sai kuma rushewa. Faifan Combat Rock na 1982 ya yi kasuwa sosai, waƙar Rock the Casbah ta shiga goman farko a Amurka. Wanda ya tsara kiɗanta shi ne mai ganga Topper Headon, amma ana gab da fitar da faifan aka kore shi saboda hodar iblis ta heroyin ta ci ƙarfinsa. A Satumbar 1983 Joe da Simonon, da zugar manaja, suka kori Mick Jones, mutumin da ya kafa ƙungiyar, wanda yake sa wa baitocin Joe karin waƙa. Dalilan da aka bayar su ne makara da girman kai. Aka ɗebo sababbin yara aka fitar da faifai a 1985 wanda bai yi armashi ba, a farkon 1986 komai ya watse. Mahaifinsa ya rasu a 1984, mahaifiyarsa a 1986. Da-na-sani ƙeya ce. Joe ya bi Mick ya ba shi haƙuri ya nemi su sake haɗuwa, amma Mick ya riga ya kafa tasa ƙungiyar, Big Audio Dynamite. Abin da ya samu shi ne ya taya shi rubuta faifansu na biyu a 1986. Zumuncin ya komo, ƙungiyar ba ta komo ba.

Shekaru goman da suka biyo baya na ɗimuwa ne. Ya riƙa zuwa Granada a kudancin Sifen, tsohuwar Andalus, yana neman inda aka binne marubucin waƙoƙi Federico García Lorca. Ya fito a 'yan finafinai, ya yi kiɗan fim ɗin Walker na 1987 wanda aka ɗauka a Nikaraguwa. Faifansa na kansa na 1989 bai saidu ba. A 1991 ya riƙe wa ƙungiyar Pogues baki na ɗan lokaci. A shekarar ce, lokacin Yaƙin Tekun Fasha, rediyon sojojin Amurka ta mayar da Rock the Casbah waƙar zuga, abokansa kuma sun ba da labarin ya yi kuka da ya ji an rubuta sunanta a jikin bom. Waƙa in ta bar bakin mai ita ba shi da iko da inda za ta sauka.

Abin da ya farfaɗo da shi mai sauƙi ne. A bukukuwan kiɗa irin na Glastonbury ya riƙa hura wuta a bayan fage, kowa ya zo ya zauna a yi ta hira da sauraron kaset har gari ya waye, kamar dandalin ƙauye. Daga 1998 BBC ta ba shi fili a sashenta na Turanci mai watsawa duniya, da sunan London Calling, yana sa kaɗe-kaɗen Kolombiya da na Jamaika da na ƙasashen Afirka. Wato muna ƙananan azuzuwa muryarsa tana ratsa gajeren zango ta saman ɗakunan kwananmu ba mu sani ba. Ya kafa sabuwar ƙungiya, Mescaleros, suka fitar da faifai a 1999 da 2001, a ƙananan zaure suke wasa, shi da ya taɓa cika filin ƙwallo.

Ranar 15 ga Nuwamba, 2002, ya yi wasa a zauren gari na Acton a Landan don tara wa ma'aikatan kashe gobara masu yajin aiki kuɗi. Mick Jones yana cikin 'yan kallo. Can kusa da tashi sai ya hau dandali ya karɓi jita, suka yi waƙa uku tare, karo na farko tun 1983. Makonni biyar bayan haka, ranar 22 ga Disamba, Joe ya komo gidansa a ƙauyen Broomfield na Somerset daga zagayawa da karnukansa, ya zauna, zuciyarsa ta tsaya. Ashe da lahani a zuciyar aka haife shi, ba a taɓa ganowa ba. Shekarunsa 50. Ya bar mata da 'ya'ya mata biyu, da 'yar matarsa da ya riƙe. Ana cikin maganar ko su huɗun za su sake hawa dandali a bikin karrama su da aka shirya a Amurka a Maris na 2003, sai aka yi bikin babu shi. Faifansa na ƙarshe, Streetcore, ya fito a 2003, a ciki har da Redemption Song ta Bob Marley. A 2013 birnin Granada ya raɗa wa wani ɗan fili sunansa.

Wanda yake son ya gwada Sandinista kada ya ce zai cinye shi a zama ɗaya. Ya fara da fuska ta ɗaya, ya tsallaka ta huɗu, sauran ya bar su zuwa hutun ƙarshen mako. Zan zo da shi a waya ranar taron shekara, in shugaban ƙungiya ya ba da izini a sa bayan an ci abinci, malamai kuma sun tashi.